Fitilar Famfo Ba Ta Gama Aiki Ba a Madawa, Buza da Keita

Duk wanda ya taɓa sauka tashar Madawa da daddare a shekarun baya, kan babbar hanyar da ta taso daga Ƙonni ta nufi Maraɗi, zai tuna wani haske fari fat a teburin mai shayi ko gaban tukubar mai tsire, yana tafe da huci ba ƙaƙƙautawa. Fitilar famfo ke nan, wadda wasu ke ce wa fitilar gas, wasu kuma Petromax. Aci-balbal da fitilar ƙwai ba su kama ƙafarta ba. Yau fitilun famfo da yawa na jibge a lungun ɗaki sun sha ƙura, alhali abin da ya kwantar da su bai taka kara ya karya ba.

Wani Bajamushe, Max Graetz, shi ya ƙera ta a Balin a 1910, aka haɗa sunansa da na man fitila aka raɗa mata. Babbarta tana shan lita ɗaya ta kananzir ta yi wajen awa 8 tana ci, da hasken da ake kwatantawa da kyandir 500. Daga baya masana'antun Sin suka kwaikwaye ta da sunaye irin su Butterfly da Anchor.

Ba ta da lagwani. Famfo ne ke cusa iska cikin tanki, iskar ta tunkuɗo kananzir ya hau wani bututu mai zafi, ya zama tururi, ya fita ta wata 'yar ƙofa da ba ta fi kaurin gashin wutsiyar doki ba. Daga nan sai ya gauraya da iska ya kama wuta cikin 'yar rigar raga da ke rataye a tsakiya. Rigar ce ke haske. Wani masani ɗan Ostiriya, Auer von Welsbach, ya ƙirƙiro ta a 1885. Da zarar an ƙona ta karon farko ta zama toka mai tsaye, yatsa kaɗai ya taɓa ta sai ta ruguje.

Mai gyara da ya san aikinsa daga famfo yake farawa. In an danna aka ji shi sakayau, to fatar da ke bakin sandarsa ce ta bushe, kuma a ƙasar da hunturu ke tsage leɓe ba abin mamaki ba ne. Sai a zaro ta, a tsoma cikin man inji ta kwana, a buɗa bakinta da yatsa a mayar. In ta cinye, baduku zai yanka wata daga guntun ƙirgi, aikin da ba ya gagarar dukawan Adar. In kuwa famfon na ci amma iska ba ta zama, sai a juye man, a yi famfo, a nutsa tankin cikin bokitin ruwa. Inda kumfa ta fito nan ɓarakar take, galibi robar murfi ce. Amma idan kananzir ne ke dawowa ta cikin famfon, bawul ɗin da ke ƙasansa ya saki, kuma haramun ne a kunna ta sai an sauya shi.

Sauran ciwon duk na toshewa ne. Man da ya daɗe cikin jarka ko ya sha ƙura yana barin dauɗa a bututu, ƙofar ta cushe, haske ya koma ja, ƙwan ya yi baƙi. Akwai allura a ciki wadda ke share ƙofar in an murɗa 'yar ƙafar gefe. Kuskuren da ke kashe fitilu shi ne a sa allurar ɗinki ko waya a soka: ƙofar ta faɗaɗa, mai ya yi yawa, wuta ta riƙa lasowa bayan riga, sai dai a sayi sabon kai. Haka rigar da ta huje. Harshen wuta zai fito ta hujin ya fasa ƙwai.

Sai gaggawa wajen kunnawa. Dole a zuba sifirit a ɗan kaskon da ke ƙasa, a bar shi ya gasa bututun har ya kusa ƙarewa, sannan a saki mai. Wanda ya yi hanzari, wuta za ta tashi bal-bal. Maganinta shi ne a sassauta kusar iska nan take, wutar ta kwanta da kanta.

Wani zai ce zamani ya wuce ta, tunda tocilan da fitilun sola sun cika kasuwa, kuma tun 2018 akwai tashar wutar rana a Malbaza. Gaskiya ne, don karatun yara cikin ɗaki sola ta fi, ba hayaƙi, ba kuɗin mai. Amma a Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta, an ga amfanin abin da bai dogara da waya ba. Tocilan in ta mutu sai juji. Fitilar famfo kuwa kowane ƙarfe nata yana kwancewa, ana iya sake shi. Ga manomin albasa da ke ɗura buhuna da dare a kwarin Tarka, ko taron biki a wani ƙauyen Majiya ko na duwatsun Keita, fitila ɗaya ta isa ta haske fili.

Sharaɗi biyu ne ba a wasa da su. Kada fetur ya kusance ta, ko da ɗigo ne cikin kananzir, domin tururinsa na iya tayar da gobara. Kada kuma a kunna ta a ɗakin da ke rufe, tana cin iska tana fitar da guba marar wari.

Mai irin wannan fitila a gida, kafin ya miƙa wa 'yan gwangwan, ya zaro famfon ya dubi fatar tukuna.