Ruwan zafi da ƙafar da ta sage: me ke gaskiya a saƙon da ke yawo?

Wani saƙo yana yawo a WhatsApp tsakanin 'yan uwa da abokan arziki, wai ruwan zafi asibiti ne kyauta. Ya ce yana narkar da kitsen da ya toshe jijiyoyin jini, in an zuba gishiri yana zuƙo suga ta tafin ƙafa, sannan wanda ƙafarsa ta sage saboda ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ya riƙa tsoma ta a ruwa, iya zafin da zai iya jurewa, safe da yamma. Biyun farko shirme ne: zafin bokiti ba ya narkar da kitsen da ke cikin jijiya, suga kuma ba ya fita ta fata. Na ukun ne abin tsoro, domin yana iya raba mutum da ƙafarsa.

Abin da ya sa saƙon ya samu shiga shi ne akwai gaskiya a gefensa. Likitocin gashi suna aiki da ruwa, sai dai ruwan ɗumi ne, digiri 33 zuwa 36, bai ma kai ɗumin jikin mutum ba, wanda yake digiri 37. Idan mutum ya tsaya a ruwa iya ƙugu, ƙafafunsa suna ɗaukar kamar rabin nauyinsa ne kawai. Idan ya kai wuya, kusan kashi 10 cikin 100. Shi ya sa dattijuwar da sanyin ƙashi ya hana takawa take iya motsa gwiwa a ciki ba tare da azaba ba. A 2016 ƙungiyar binciken lafiya ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 13 na motsa jiki a ruwa a kan masu ciwon gwiwa da ƙugu, ta samu raguwar ciwo kaɗan, na ɗan lokaci. Iyakar abin da hujja ta bayar ke nan, kuma amfanin daga motsin yake zuwa, ruwan sauƙaƙa shi ya yi.

To ina wannan, ina "iya zafin da za ka iya jurewa"? Ciwon suga idan ya daɗe yakan lalata jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Mai lafiya da ya tsoma ƙafa a ruwa mai ƙuna, fizge ta zai yi tun kafin ya yi tunani. Wanda ƙafarsa ta sage zai zauna abinsa, yana ganin jimiri yake yi, alhali fatarsa na dahuwa. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata sosai cikin 'yan daƙiƙu. Ga jinin da ba ya gudana yadda ya kamata a ƙafar, ga sugan da ke hana rauni warkewa da wuri. Sai ƙuna ta koma gyambo, gyambo ya ruɓe, a ƙarshe a yi maganar yankewa. Wanda ya tura saƙon kuwa ba shi zai yi jinyar ba.

Za a ce ai iyaye da kakanni sun yi gashi da ruwan zafi, sun ji daɗi. Haka ne, tsumma mai ɗumi yana saki tsoka, yana rage ciwon baya, amma a jikin da yake jin zafi ya kuma iya cewa "ya isa". Za a kuma ce wane ya shanye, aka yi ta gasa shi, ya tashi. Masu shanyewar ɓarin jiki da yawa suna samun sauƙi a watanni 3 na farko ko an gasa ko ba a gasa ba, don haka labarin mutum ɗaya ba ya nuna ruwan ne ya yi aikin. Ban ga laifin ɗan da ya ga tsohonsa a kwance, kuɗin asibiti ya fi ƙarfinsa, ya kama abin da ya samu ba. Tausayi ne ya sa shi, shi ya sa ya cancanci a faɗa masa gaskiya.

Mai ciwon suga ya wanke ƙafa da ruwan ɗumi, kada ya jiƙa ta, wani mai lafiya ya fara gwada ruwan da gwiwar hannu, a tsane tsakanin yatsu, a duba tafin ƙafa kullum. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya ɗora tukunya. Idan saƙon ya iso wayarka, don Allah kada ka tura shi gaba.