Maguzawa da Masu Isese: 'Yan Ƙasar da Ba a Lissafi da Su

A watan Yulin 2023 wasu malamai da matasa suka tsaya a ƙofar gidan wata mata a Ilorin, suna ɗaukar kansu a bidiyo, suna gargaɗinta da kada ta kuskura ta yi bikin Isese na kwana uku da ta shirya. Matar mai bin addinin gargajiya na Yarbawa ce, abin da ta yi kuwa shi ne ta fitar da sanarwar biki. Bikin bai yiwu ba. Wole Soyinka ya rubuta wa Sarkin Ilorin, Alhaji Ibrahim Sulu-Gambari, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, fada ta mayar da martani, aka yi ta cacar baki. Da watan Agusta ya kama, sai 'yan sandan jihar Kwara suka ce yanayin tsaro bai ba da damar a yi bikin a garin ba. Wato wanda aka yi wa barazana shi aka ce ya janye.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda da yawa daga cikinmu a nan Arewa muka ji daɗin labarin. Na ji ana cewa madalla, Ilorin garin Shehu Alimi ne, ba a yin tsafi a cikinsa. Amma a wannan Ilorin ɗin ne, a farkon 2021, gwamnati ta rufe makarantu 10 na mishan saboda rikicin hijabi, kuma hujjar da Musulmi suka riƙe a lokacin ita ce sashe na 38 na tsarin mulki, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bin addininsa da bayyana shi a fili. Da wannan sashen ne Kotun Ƙoli ta tabbatar wa 'yan matanmu hijabinsu a makarantun Legas a watan Yunin 2022. Gaskiya ce muka nema, muka kuma samu. Shekara guda bayan haka sai muka tafa wa waɗanda suka hana wata 'yar ƙasa irin wannan haƙƙin. Laifi tudu ne. A ganina abin da ya jawo wa matar nan wulaƙanci shi ne ba ta da gata: babu ƙuri'a mai yawa a bayanta, babu gwamnan da zai kira waya dominta.

A ƙidayar farkon shekarun 1950, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Najeriya ba Musulmi ba ne ba kuma Kirista ba. A ƙidayar 1963 sun dawo kusan kashi 18 cikin ɗari. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba, amma ƙiyasin cibiyar bincike ta Pew na shekarar 2010 bai kai su kashi 2 ba. Da a ce tsoron rinjayensu ne ke sa a tsane su, da tsanar ta ragu yayin da suke ƙarewa. Sai ga shi tana ƙaruwa. Kakanninmu da suka zauna da su suna da yawa sun fi mu haƙuri da su, mu da muke ganinsu jefi-jefi.

Ba sai mun je ƙasar Yarbawa ba. Muna da Maguzawa a karkarar Kano da Katsina da Jigawa da arewacin Kaduna, Hausawa ne gaba da baya, wasu ma Hausarsu ta fi tamu tsabta. Sunan kansa yana da labari. Masana da yawa suna ganin daga kalmar Majusu ya fito, kuma malaman da suka laƙaba musu shi sun san abin da suke yi. An karɓi jiziya daga Majusawan Hajar tun zamanin Manzon Allah (SAW), Sayyidina Umar ma ya bi wannan hukuncin a kan Majusawan Farisa. Saboda haka kiran manomin da bai yi salla ba da wannan suna wata hanya ce ta sama masa gurbi a cikin shari'a: ya biya abin da aka ɗora masa, a bar shi da gonarsa da iyalinsa da abin bautarsa. Ko bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804 haka aka ci gaba da zama da su a masarautun Kano da Katsina da Zazzau. Ban ce zaman daidaito ba ne. Bamaguje yana ƙasa, kuma ya san yana ƙasa. Amma yana da matsayi sananne. Lokacin da mai bincike Joseph Greenberg ya zauna da su a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya tarar da manyan gidajen gandu suna yankansu ga iskoki a fili, suna cin kasuwa ɗaya da Musulmi.

Na ga ragowar wannan zaman da idona. Kakana malamin allo ne a wani ƙauye a kudancin Katsina, yana da aboki Bamaguje, dogo mai tsaga, wanda duk kaka sai ya aiko masa da dami biyu na dawa. In ya zo, kakana yakan sa a shimfiɗa masa buzu a zaure. Wata rana wani almajiri ya ce, "Malam, ga arnen nan ya zo." Kakana ya ajiye allon da ke hannunsa ya ce, "Kai yaro, sa'an ubanka ne. Ka ce ga Baba ya zo." Dattijon ya ji, bai ce komai ba, ya zauna suka gaisa, suka yi ta zancen damina. A wurinsa kakana yake ajiye kuɗin da yake tsoron kada ya taɓa, domin a lokacin kowa ya yarda Bamaguje ba ya cin amana. Ya mutu bai yi salla ba, kakana kuma ya je gaisuwa. Jikokin wannan dattijo a yau kusan dukansu Kirista ne. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, amsar da ya ba ni gajera ce: "Malam, su ne suka fara kawo mana makaranta, kuma ba su ware mana kwanon sha ba."

A nan babban dalilin yake. Tun daga jajibirin samun 'yancin kai, yawan mabiya ya zama jari a siyasar Najeriya. Da yawa ake neman kujera, da shi ake neman kaso, da shi ake taƙama a jarida. Musulmi da Kirista kowa na ƙirga nasa yana hararar na ɗan'uwansa, mai addinin gargajiya kuma ya zama kamar filin da ba shi da mai shi, wanda ya riga kafa turke shi ke da shi. Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, amma daga shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta samu shiga ta hanyar asibitocin kutare a Kano da Katsina da Sakkwato, daga nan ta kai ga ƙauyukan Maguzawa. Sardauna Ahmadu Bello ya yi nasa rangadin musuluntarwa tsakanin 1963 da 1965, ana sanar da adadin waɗanda suka karɓi kalmar shahada a kowane gari. Salon bai canja ba har yau. A zo da motoci da 'yan jarida, a raba atamfa da buhun shinkafa, a ɗauki hoto, a faɗi adadi, a tafi. In ka koma bayan shekara biyu ba za ka tarar da malamin da aka bar musu ba, rijiyar burtsatsen ma ta lalace. Ɓangaren mishan ma hotunan yake aikawa ga masu ba da tallafi a ƙasashen waje, yana nuna rayukan da ya ceto.

Wanda ake kallo a matsayin ganima ba a jin ƙin da ya yi a matsayin ra'ayi. Ana ɗaukarsa taurin kai, ko kuma alamar cewa abokin hamayya ya riga ka. Shi ya sa fushin ya fi tsanani a kan wanda ya ce a bar shi yadda ya gada. Gwamnati kuma ta bi sahu. Sashe na 10 na tsarin mulki ya hana a ɗauki wani addini a matsayin na gwamnati, amma a aikace an ɗauki biyu. Hutun ƙasa na addini biyu ne, hukumomin alhazai na addini biyu ne, addu'ar buɗe taro biyu ce, darasin addini a makaranta biyu ne. Ɗan Bamaguje da ya shiga aji ɗaya sai malami ya tambaye shi wane ajin addini zai shiga, ya tsaya yana kallon ƙasa, yara na dariya. Da yawa a wannan ranar suke zaɓen sunan da za su ɓuya a bayansa, wani ya zama Musa, wani ya zama Bulus. Jihohin Legas da Ogun da Oyo da Osun sun ba da hutun ranar Isese a watan Agustan 2023, kuma sun yi hakan ne domin a can masu wannan addini suna da sarakuna da farfesoshi da mawaƙa masu magana da yawunsu. Bamaguje ba shi da ko kansila da ya ci zaɓe da sunan Maguzanci.

Akwai wasu dalilan, amma suna bayan wannan. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, gasar wa'azi ta koma gasar nuna wa ya fi tsarkin aƙida, 'yan ɗariƙa ma suka shiga kare kansu daga zargin shirka, kuma hanya mafi sauƙi ta nuna tsarki ita ce a far wa ɗan bori da ba shi da mai rama masa. A Maraɗi, a tarzomar watan Nuwamban 2000 da aka tayar kan bikin nuna tufafi na FIMA, fushin ya sauka har a kan gidan Iya, shugabar 'yan bori ta garin, wadda ba ta da hannu a bikin. A kudu kuwa sababbin majami'u ne ke jagorantar matasa su ƙone wuraren bautar kakanninsu su sare itatuwan da aka gada. Dokokin laifuka da muka gada daga Turawa har yanzu suna ɗauke da sassan da ke hukunta maita da tsafi, finafinanmu na kudu da na arewa kuma sun koya wa yara cewa duk mai ƙwarya da jan ƙyalle mai shan jini ne.

Za a ce da'awa wajibi ce, kuma Musulmi ba zai ga shirka ya yi murmushi ba. Za a ce akwai matsafan da ke kashe mutane don kuɗi, an kuma ga gawarwakin da 'yan sanda suka gano a dajin Okija na jihar Anambra a 2004. Na yarda da duka biyun, ni ma ina fatan kowane Bamaguje ya rasu da kalmar shahada. Amma mai kisa kotu ce maganinsa, da sunansa da laifinsa, ba a shafa wa manomin da ya yanka jan zakara a bakin gonarsa. Da'awa kuma ba ta taɓa zama tsayawa a ƙofar gidan mace da taron maza ana yi mata kashedi ba. Alƙur'ani ya kore tilas a cikin addini a Suratul Baƙara, ya kuma hana zagin abin da wasu ke bauta wa a Suratul An'am. Wanda ya tsallake waɗannan ayoyi biyu ya je ya tsorata mutum, ya nemi wani suna ya sa wa aikinsa.

Sakamakon ya riga ya bayyana, kuma Musulmi ne suka fi yin asara a ciki. Raini ya kora dubban Hausawa zuwa coci, har suna da ƙungiyarsu ta Masihiyawa, kuma 'ya'yansu sun taso da labarin kwanon da aka ware wa iyayensu. Wasu daga cikin waɗanda suka musulunta don kunya ko don atamfa suna salla da rana, da dare su koma wurin tsohon dutsen, abin da bai amfani kowa ba. Ilmin itatuwa da na noma da kirarin da suka riƙe yana tafiya tare da tsofaffinsu, alhali muna hawa Dala da baƙi muna ba su labarin Barbushe, 'yan Nijar kuma suna alfahari da Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, ba tare da an tuna cewa addininta shi ne wanda ake tsangwamar jikokinta a kansa ba.

Mafi muni shi ne hannun da ya saba da dukan marar gata ba ya tsayawa a kan arne. A watan Agustan 2009 an kwashe dubban mutanen Darul Islam daga matsuguninsu kusa da Mokwa, aka watsa su jihohinsu, ba tare da an kama su da makami ba. Bayan kisan watan Disamban 2015 a Zariya, kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya tabbatar da cewa an binne 'yan Shi'a 347 a rami ɗaya, mutane da yawa kuma suka ce Allah ya ƙara. A lokacin Ashura ta 2016 gungun matasa ne suka bi su da sanduna a garuruwa da dama. Kowane karo hujjar ɗaya ce da ta Ilorin: ba namu ba ne, kuma ba su da yawa. Ɗan Izala a garin 'yan ɗariƙa, ɗan ɗariƙa a unguwar 'yan Izala, Bahaushe mai sayar da albasa a Onica, kowannenmu tsiraru ne a wani wuri.

Gwamnatocin Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna sun san ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya, domin a lokacin zaɓe akwatunan ƙuri'a suna isa can. Su kai musu makaranta da asibiti da ruwa a matsayinsu na 'yan ƙasa, ba tare da an haɗa da bikin karɓar addini ba. Sarakuna da hakimai su dawo da wakilan Maguzawa cikin shawarar ƙasa kamar yadda iyayensu suka yi. Limamanmu kuma, Allah ya gafarta Malam, ku hau mumbari ku gaya wa yaranmu cewa dattijon da bai yi salla ba maƙwabci ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka, kuma Baba ake ce masa.