Daga siton hatsi a Sara zuwa rumbun NIMC: Yadda tsara bayanai a kwamfuta ke shafar talaka

Duk wanda ya taɓa shiga siton hatsi a kasuwar Sara, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, ya san buhun da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Ba mai zaro na ƙasa sai ya kawar da na sama. Shi ya sa ɗan kasuwar da ba ya juya kaya yakan wayi gari ya tarar ƙwari sun cinye waken da ya saya tun farkon kaka.

A bakin injin niƙa kuwa dokar daban ce. Kwanon da ya fara zuwa shi ake fara niƙawa, wanda ya zo daga baya ya bi layi.

Waɗannan dokoki biyu, tari da layi, suna cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibin da ke son rubuta manhajar kwamfuta. Fannin shi ne tsarin ajiye bayanai, wato yadda ake jera bayani domin sa shi da nemo shi da cire shi su zo da sauƙi.

Dukkansu suna cikin wayar da ke hannun mai karatu. Maɓallin komawa baya yana bin dokar sito, domin shafin da aka buɗe a ƙarshe shi yake fara rufewa. Saƙonnin WhatsApp da suka maƙale lokacin da babu sabis kuma suna jira ne a layi, da sabis ya dawo sai su fita bi da bi.

Niklaus Wirth, masanin ƙasar Suwizalan da ya ƙirƙiro harshen manhaja na Pascal, ya fitar da littafi a 1976 wanda sunansa kawai ya isa darasi. Ma'anarsa ita ce, manhaja haɗuwar abu biyu ce: matakan aiki da tsarin bayanai. Harsunan rubuta manhaja sun yi ta sauyawa tun lokacin, amma har yau a kan wannan ake gini.

Littafin bashi da rajistar zaɓe

A ɗauki littafin bashi na mai shago. Idan yana rubuta kowane bashi a jere yadda ya zo, rubutun ba wuya, sai dai ranar da wani ya zo biya dole ya bi shafi-shafi yana neman sunansa. Idan kuma ya ware wa kowane mai cin bashi shafinsa, nema ya yi sauƙi, amma sai ya riƙa ɓata lokaci a duk sanda zai rubuta. Kowane tsari da abin da yake saukaƙawa da abin da yake tsanantawa, aikin mai rubuta manhaja shi ne ya san wanne ya dace da buƙatar da ke gabansa.

A littafi mai sunaye 50 bambancin ba ya nunawa. Yana fitowa ne idan adadin ya yi yawa.

Kafin zaɓen 2023, Hukumar Zaɓe ta INEC ta sanar da cewa mutum miliyan 93.4 ne ke cikin rajista. Wanda zai duba sunayen ɗaya bayan ɗaya, suna guda a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai kusa shekara uku kafin ya kai ƙarshe. Amma idan an jera su bisa tsari, sai a buɗe tsakiya a ga ko abin da ake nema yana gaba ko yana baya, a watsar da rabin da ba ya ciki, a sake buɗe tsakiyar ragowar. Da haka, dubawa 27 ta isa a gano kowane mutum a cikin rajistar.

Lambar rumfar zaɓe da ke jikin katin mai zaɓe wani tsarin ne, wanda masana ke kira bishiya. Kashi huɗu gare ta: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sai rumfa. Daga tushe a zaɓi Jigawa mai lamba 17, a cikin ƙananan hukumominta 27 a ɗauki Gwaram, a shiga reshen mazaɓar Sara, sai ga rumfar. Taki huɗu ke nan, a ƙasar da ke da rumfuna sama da 176,000.

Akwai ma wanda ya fi wannan sauri. Mai gadin babura a kasuwa ba ya tambayar sunan kowa, kati mai lamba yake bayarwa, lambar ce ke kai shi inda babur yake. Dalilin ke nan da ya sa BVN da aka fara a 2014, da kuma NIN, kowacce take da lambobi 11 da ba mutum biyu da ke tarayya a kansu. Masu suna Musa Ibrahim a kudancin Jigawa kaɗai ba sa ƙirguwa, suna ba zai raba su ba.

Aikin dillali

Darasi na biyu da ke tafiya tare da wannan shi ne ɓoye sarƙaƙiya. Mai sayen sa a kara yakan gaya wa dillali irin wanda yake so da iya kuɗinsa. Inda dillalin ya shiga, da wa ya yi ciniki, yadda aka daidaita la'ada, duk ba ruwan mai saye. Gobe dillali zai iya sauya hanyarsa gaba ɗaya, muddin san da aka nema ya iso.

Haka ake gina manhaja mai kyau. A 1974 Barbara Liskov ta Jami'ar MIT a Amurka, tare da Stephen Zilles, suka bayyana cewa ya kamata a san kowane tsarin bayanai da ayyukan da yake yi kawai, a rufe yadda aka ƙera cikinsa. Layi dai a iya shiga bayansa, a iya cire na gabansa, sauran kuma sirrin maƙerinsa ne. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba Liskov lambar yabo ta Turing ta 2008, wadda ita ce mafi daraja a fannin.

'Yan Najeriya sun ga amfanin hakan a 2023, lokacin da Hukumar Sadarwa ta NCC ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya. Yanzu *310# ce ke nuna ragowar kuɗi, ko a MTN mutum yake ko Airtel ko Glo. Kowane kamfani da na'urorinsa da yadda yake ajiye lissafi, amma ƙofar shiga ɗaya ce.

Matsalar ita ce, duk wanda ya tsara ƙofa shi ya yanke abin da zai iya wucewa ta cikinta.

Fom ɗin rajista na kwamfuta yakan zo da gurabe uku: sunan iyali, sunan farko, sunan tsakiya. Bahaushe kuwa da sunan yanka da na mahaifi aka san shi, wani ya ƙara da sunan garinsu, wani da na kakansa, wani laƙabi ya danne sunan gaskiyar. Ma'aikacin banki zai sa sunan uba a gurbin sunan iyali, mai rajistar katin ɗan ƙasa ya sa sunan gari. Ga kuma rubutu: Muhammad, Mohammed, Muhammadu. A wurin mutanen unguwa mutum ɗaya ne, a wurin kwamfutar da ke gwada harafi da harafi kuwa mutum uku ne. Gurbin ranar haihuwa ma ba ya karɓar “shekarar da aka yi fari”, dole a cika rana da wata, ko da an haifi mutum a gida ba takarda.

Da can wannan ba ya hana komai, domin malamin ofis zai dubi mutum ya gane shi. Tun daga Disambar 2020 da gwamnati ta ba da umarnin haɗa layin waya da NIN, da 2021 da JAMB ta wajabta NIN ga masu neman shiga jami'a, rumbunan bayanai ne ke tambayar juna. Sunan da ke rumbun NIMC shi ke biyo ɗalibi zuwa rajistar JAMB. Idan ya saɓa da na takardar WAEC ko NECO, ɗalibi daga Sara ko Fagam ko Birnin Kudu zai shiga zirga-zirgar gyara da rantsuwar kotu da kuɗin mota, wani lokaci har rajista ta rufe bai gama ba.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan wanda ya buga sunan. Yana da nasa kason, amma gurbin da aka ba shi tun asali bai dace da yadda mutanen yankin ke raɗa suna ba. Mai tsara manhajar da ya san wannan zai iya ware wurin ajiye sauran sunayen da aka san mutum da su, ya kuma sa na'ura ta gane rubuce-rubucen suna ɗaya. Dukkansu ayyuka ne na wanda ya iya darasin farko da kyau.

Jigawa ba ta rasa inda ake koyon wannan ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure, ga shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya da aka ƙaddamar a 2023. Sai dai matasa da yawa sun fi ɗokin haddace umarnin Python ko JavaScript su ga shafi ya fito a allo, su tsallake wannan ɓangare saboda ba ya da armashi. Alhali shi ne wanda ba ya buƙatar wuta ko data. Da katunan kwali 30 da biro za a iya gwada tari da layi da binciken rabi-rabi a ƙarƙashin bishiya.

Haruffan Hausa su ma sun sha irin wannan. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurabe 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai da tsarin Unicode ya zo a 1991 suka samu lambobinsu da kowace na'ura za ta iya ganewa. Amma saƙon tes na waya yana nan a kan tsohon jadawalinsa. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko da guda ɗaya ne, sai wayar ta koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, abin da ya haura kuma a caje shi a matsayin saƙo na biyu.