Hunturu Da Hasken Rana: Shawara Ga Mai Komawa Bakori

Masu shirin ajiye aiki su koma noman rani a Bakori, ko kusa da madatsar Mairuwa ta Funtuwa, kan tambaye ni ko rana na wadatuwa da hunturu. Nakan ce tana wadatuwa, amma da sharaɗi. Gizagizai na damina ne. Abin da ke tare rana daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, wato ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. In ya sauka, rana kan koma kamar farin faifai, famfon sola ya rage ƙarfi alhali tumatir na jiran ruwa. Don haka, kafin mutum ya zuba kuɗin sallamarsa, ya zo a Janairu ya duba. Gani ya kori ji.