Ka fara aiki, amma har yanzu tuwon Umma kake ci?

Yau za mu taɓo maganar da ta shafi da yawa daga cikinmu: matashin da ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, wataƙila ma ya fara aiki, amma har yanzu a ɗakin samarin gidansu yake kwana. A majalisa abokai suna masa tsiya, a gida kuma an fara tambayarsa sai yaushe.

Kafin mu ce masa ci-ma-zaune, bari mu yi lissafi. Digirin shekara 4 yakan koma 5 ko 6, domin yajin aikin malaman jami'a ya ci kusan wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022. Sai shekarar bautar ƙasa, wadda alawus ɗinta ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025. Mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 ne tun 2024, kuma makarantun kuɗi da ƙananan kamfanoni da yawa ba sa ma biyan haka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu kaɗai yana lashe kaso mai tsoka. To idan ka je neman ɗaki, mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, ga katifa, ga tukunyar gas, ga kuɗin wuta. Ina za ka fara?

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa a watan Yulin 2020 kashi 52 cikin 100 na 'yan shekara 18 zuwa 29 suna zaune da iyayensu.

A wurinmu dama saurayi yana gida har ranar aure, wani ma sai a yanka masa sashe a cikin gidan. Budurwa kuwa, ko da albashinta, idan ta kama haya ita kaɗai sai surutu ya ishe ta. Abin da ya canza shi ne jiran ya yi tsawo, uban da ke ciyarwa kuma ya yi ritaya, fanshonsa ba ya kai wata.

Nan ne matsalar take. Idan kana cin abinci kyauta, kana kwana kyauta, albashinka kuma yana tafiya a data da sabuwar waya, to Baba ne yake biyan kuɗin jin daɗinka. Ɗauki nauyi ɗaya tsayayye, ko kuɗin wuta, ko buhun shinkafa, ko kuɗin makarantar ƙanwarka. Abin da da haya zai cinye, zuba shi a adashi ko asusun da ba ka taɓawa. Sannan ka zauna da Baba da Umma ka faɗa musu shirinka da lokacin da ka ɗiba. Iyaye sun fi haƙuri idan sun san inda aka dosa.

Ku ma iyayenmu, don Allah a rage gori. Ɗan shekara 28 da yake fita nema kullum yana buƙatar a riƙa shawara da shi kamar babba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.