Labarin Dorugu, Malamin Hausa A Ingila

Malamai da fataken Dutsi sun san hanyar Kance, arewa da Daura. A nan kusa, a ƙauyen Dambanas, aka haifi Dorugu, wanda ya karantar da Hausa a Ingila tun Turawa ba su ci ƙasar nan ba.

Yana yaro aka kama shi bawa, har aka kai shi Kukawa ta Barno. Wani Bajamushe, Overweg, ya 'yanta shi tare da wani yaro, Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai suka koma hannun Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim. A 1855 ya keta Sahara da su zuwa Tarabulus, daga nan suka wuce har London.

To, a can akwai wani malamin mishan, Schön, wanda ya tsinci Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, amma ba ta zauna masa ba. Ya ga Dorugu rijiya ce, ya nemi ya zauna ya koya masa. Shi kuwa Barth nufinsa a mai da yaran gida. Manyan nan biyu suka yi ta jayayya cikin harshensu, alhali wanda ake maganar a kansa bai iya Turancin da zai yanka wa kansa sharaɗi ba. Ƙarshe dai ya zauna wurin Schön.

Dorugu na faɗi, Schön na rubutawa. Da taimakonsa aka fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, duka da sunan Schön a bango. Dorugu ya komo a 1864. Da tsufansa ya yi koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. A 1971 kuma Kirk-Greene da Newman suka buga labarinsa da Turanci, da sunansa.

Saboda haka malamin da aka kira aiki a wata ƙasa, kada ya tashi sai da tafinta amintacce. A rubuta albashi da wa'adi da kuɗin komowa cikin harshen da yake karantawa, a gaban shaidu, kamar yadda fatake ke yi in za su ba da bashi. Allah Ya jiƙan magabata, amin.