Bargon Ƙyallaye da Ranar Sayar da Gida

A bana ajinmu ya zaɓi ya yi bayani a kan wata sana'ar hannu da ta shahara a Amurka, wato ɗinkin bargon ƙyallaye, tare da wata matsala da masu wannan ɗinki suke cin karo da ita ranar da za su sayar da gidansu. Wani zai ce, to me ya haɗa bargo da cinikin gida? Ku dai biyo mu a hankali.

Mene ne bargon ƙyallaye?

Turawa suna kiransa kwilt, Larabawa kuma suna ce wa irinsa lihaf. Ba saƙa shi ake yi ba kamar gwado ko luru, ɗinka shi ake yi, kuma hawa uku ne. Hawan sama shi ne fuskar bargon, wadda ake haɗawa da guntayen yadi kala-kala. Hawan tsakiya shimfiɗar auduga ce ko ulu, ita ke riƙe ɗumi. Hawan ƙasa shafi ne na yadi guda. Sai a bi duka ukun da ɗinki daga wannan gefe zuwa wancan, don kada audugar ta dunƙule waje ɗaya idan an yi wanki.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Damagaram ko Katsina ko Kano ya ga ƴan lifidi. Ai lifidin nan yadi ne biyu aka cusa wa auduga ko audugar rimi a tsakani, aka bi shi da ɗinki, don ya kare doki da mahayinsa daga kibiya a zamanin yaƙe-yaƙe. A Bangaladash da gabashin Indiya mata suna jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke, suna kiran abin kanta. A yankin Sindh na Pakistan kuma sunansa ralli. Kowace al'umma da irin buƙatar da ta kai ta ga allura.

A Amurka sanyi da talauci ne suka raya abin. Misali mafi shahara shi ne wani ƙauye a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, wanda kogi ya kewaye ta gefe uku. Mutanensa baƙar fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin, har yau da yawansu suna amsa sunan Pettway, sunan mutumin da ya mallaki kakanninsu. A da gidajensu na katako ne, iska na shiga ta ko'ina, kuɗin sayen bargo kuma babu. Sai matan suka riƙa farke tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan yadi suna haɗa barguna. A shekarar 2002 aka baje waɗannan barguna a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, jama'a suka yi ta mamakin kyawunsu. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa guda goma. Kun ji abin da aka fara da tsumma.

Yau mafi yawan masu wannan ɗinki a Amurka ba don neman kuɗi suke yi ba, don sha'awa ne da hutun zuciya. Suna yi wa jariri, ko amarya, ko ɗan da ya gama makaranta. Tun da can mata kan taru su kewaye bargo ɗaya kowa da allurarta, ana ɗinki ana hira, kamar dai yadda muke gayya a gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai babban baje koli da ake yi kowace shekara a Houston, akwai kuma gidan tarihi na barguna zalla a garin Paducah na jihar Kentucky, wanda aka buɗe a 1991.

Yadda ake ɗinka shi

Matakin farko wanki ne. Yadin auduga yakan tsuke idan ya sha ruwa, wani kuma yana zuba. In aka haɗa jan ƙyalle mai zuba da fari ba a wanke ba, wankin farko zai ɓata aikin wata uku. Bayan wanki sai guga, domin ƙyallen da ya yamutse ba ya yankuwa daidai.

Na biyu yanka. A nan ne lissafin da muke gudu a aji yake tare mu a hanya. A ce muna son bargon yaro mai faɗin santimita 100 da tsawon 120. Idan kowane gida zai zama santimita 10 bayan ɗinki, muna buƙatar gidaje 10 a faɗi, 12 a tsawo, wato 120 ke nan. Amma ba santimita 10 za mu yanka ba, 12 za mu yanka, saboda ɗinki zai ci santimita ɗaya ta kowane gefe. Ƙwararru a Amurka rubu'in inci suke bari, wajen milimita 6, amma ga mai koyo santimita ɗaya ta fi sauƙi. Abin lura shi ne a riƙe awo ɗaya daga farko har ƙarshe. Kuskuren milimita biyu a gida ɗaya ba komai ba ne, amma in ya maimaitu sau goma a jere ya zama santimita biyu, sai ka ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa. Tun 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wata wuƙa mai kama da ƙaramar taya da ke yanka yadi hawa da yawa a lokaci guda, amma kwali da alli da almakashi mai kaifi sun wadatar.

Na uku haɗawa. Zanen da ya fi sauƙi shi ne mai gida tara: uku a sama, uku a tsakiya, uku a ƙasa, ana saɓa mai haske da mai duhu kamar allon dara. Akwai wani tsohon zane da suke kira bukkar katako, inda ake sa ɗan jan ƙyalle a tsakiya a matsayin murhun gida, sannan a riƙa kewaye shi da dogayen ƙyallaye, gefe ɗaya masu haske, ɗayan masu duhu.

Na huɗu, a shimfiɗa shafi a ƙasa mai tsabta, a ɗora auduga, a ɗora fuskar, a kama su da fil ko da manyan ɗinkin riƙo. Ɗinkin gaske daga tsakiya ake fara shi a nufi gefe, don in akwai rarar yadi ta fita waje, kada ta taru ta yi ƙulli a ciki. Daga ƙarshe a naɗe bakin da siririn ƙyalle, a ɗinka ɗan farin yadi a baya mai ɗauke da sunan wadda ta yi da shekarar. Da allura kawai ana iya gamawa, keken ɗinki sauri yake ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar da gida zai shiga kasuwa

To, ga inda gizo ke saƙar. Wadda ta shekara ashirin ko talatin tana wannan ɗinki, ɗaki guda take cikawa da yadi: kantoci har rufi, akwatunan ƙyallaye, keke, teburin yanka, da bargunan da aka fara ba a gama ba. Mutanen Amurka kuwa suna yawan ƙaura, ko don aiki, ko don yara sun girma sun watse gidan ya yi wa tsofaffi girma. Ranar da aka kira dillali, abin da zai fara cewa shi ne a rage kaya.

Dalilinsa a fili yake. A can mai saye a intanet yake fara ganin gida, ta hotuna. Bayan haka akan sa rana, galibi a ƙarshen mako, a buɗe gidan duk mai so ya shigo ya zagaya. Ɗakin da ya cika da kaya ƙarami yake zama a ido, kuma mai saye ba ya iya hango gadon ɗansa a inda tarin yadin wata yake. Shi ya sa ake cire hotunan iyali, a shafa fenti mai sanyin launi, a buɗe labule haske ya shiga. Dillalin ma da nasa a ciki, tunda la'adarsa daga kuɗin gidan take fita.

Ga mai ɗinki wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kowane ƙyalle da tarihinsa: wannan daga rigar marigayi mijinta, wancan daga zanen goyon ɗanta na fari. Masu dabara sukan raba kayan gida uku. Kashi na farko shi ne aiki ɗaya da take kai yanzu, a cikin kwando mai murfi da za a iya ɗaukewa cikin minti biyar in baƙi za su zo. Na biyu abin da za ta tafi da shi sabon gida, a ɗaure a rubuta abin da ke ciki. Na uku kyauta. Akwai ƙungiya mai suna Project Linus da aka kafa a 1995, wadda ke karɓar bargunan hannu tana raba wa yara marasa lafiya da waɗanda wata masifa ta shafa. Sannan a share ƙasa da kyau, har a bi da maganaɗisu, saboda fil ɗaya a ƙafar ɗan mai saye ya isa ya ɓata ciniki.

Ajiyar bargunan ma da ƙa'idarta. Ba a ɗaure su a leda, don tana riƙe danshi sai fumfuna ta kama su. A naɗe su cikin tsohon zanen gado na auduga. Kada su taɓa ɗanyen katako, yana bar musu tabo ruwan ƙasa. A nisanta su da rana, tana kashe launi. Lokaci-lokaci a warware a sake ninkewa ta wani wuri daban, don zaren kan ninki shi ke fara tsinkewa. Bargo ɗaya mai kyau kuwa ana iya barinsa a kan gado, yana sa ɗaki ya yi fara'a.

Wani abin da ke jawo rigima shi ne kantoci. A dokar can, abin da aka kafe a jikin bango yakan bi gida, sai in an rubuta a takardar ciniki cewa ban da shi. Saboda haka wadda ke son tafiya da kantocinta ko sandar rataye bargonta, ta cire tun kafin ɗaukar hoto, ko ta sa a rubuta.

Gyara daban, rufa-rufa daban

Babban bargo a jikin bango yana iya ɓoye tsaga ko tabon yoyo, kuma nan ne jarrabawar take. Share gida da yi masa fenti don ya yi kyan gani halas ne. Rataya bargo a kan tsaga don kada a gani kuwa ha'inci ne. A Amurka mai saye yakan ɗauko masani ya duba rufi da wayoyin wuta da bututun ruwa kafin a biya kuɗi, kuma yawancin jihohi suna tilasta wa mai sayarwa ya rubuta aibin da ya sani. Akwai ma dokar tarayya ta 1992 da ta ce duk gidan da aka gina kafin 1978, dole a sanar da mai saye abin da aka sani game da fenti mai gubar dalma, saboda tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mu da muka karanta babin ciniki a Risala mun san wannan hukunci tun kafin mu ji labarin Amurka: ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma wanda ya gano tsohon aibi bayan ya saya yana da haƙƙin mayarwa. Ko gida ne, ko akuya, ko tsohuwar waya, hukuncin bai canja ba. Wanda ya ce wa mai saye ga inda rufin ke yoyo da damina, wataƙila a rage masa kuɗi, amma abin da ya karɓa nasa ne da albarkarsa.

Shawararmu ga ƴan uwa

Kowa ya san yadda guntayen atamfa da shadda ke taruwa a ƙarƙashin keken teloli, musamman gab da sallah. Wasu a ƙona, wasu su ƙare a kwata su toshe hanyar ruwa. Can kuma da hunturu, ga yara suna kwana a zaure suna rawar ɗari babu mayafi. Muna roƙon telolin unguwa su riƙa tara mana waɗannan guntaye a buhu. Muna kuma kira ga ƴan ajinmu, mata da maza, kowa ya yanka gidaje goma a wannan hutu. Mutum goma sha biyu sun haɗa bargon yaro ɗaya ke nan, kuma in babu auduga, tsohon zane hawa biyu yana iya zama ciki. Iyayenmu mata da suka iya riƙe allura, don Allah ku zauna da mu ku gyara mana hannu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya kai mu baɗi lafiya.